Daga shanyewar ɓarin jiki zuwa jagorancin tattaki a Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Tudun Wada aka haife ni, a nan na yi allo, a nan na yi boko. Zamanin ƙuruciyarmu ko'ina a ƙasa muke zuwa: aike Babbar Kasuwa, kallon ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello, ziyarar dangi a Unguwar Sanusi ko Badiko. Da na kawo ƙarfi na samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen saƙa. Kullum da sassafe in hau keke in haye gada, in yi awa takwas a tsaye gaban inji, in sake hawa keke in dawo. Ban san asibiti ba sai in na kai wani.

Abubuwa biyu suka sauya wannan rayuwa. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin, kogin Kaduna ya zama iyaka, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin zai kwana da ido biyu a rufe. Abokan aikin da muke cin abinci a kwano ɗaya sai ya zama ba mu haɗuwa in ba a bakin aiki ba. Bayan haka masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tamu ma ta bi sahu. Da ɗan abin da na tara na kama shagon yadi a kasuwa, na sayi babur. Daga safe har magariba ina zaune a kan benci, shayi mai sukari da safe, lemon kwalba da rana, tuwo mai nauyi da dare sannan in kwanta. Jiki ya buɗe, tumbi ya fito, masu gaishe ni suna cewa kasuwa ta karɓe ni. Ciwon kai a ƙeya da yawan fitsarin dare da ƙishirwar da ba ta yankewa duk na ɗora su a kan gajiya da tunanin kuɗin makarantar yara.

Wata safiya bayan sallar asuba kofi ya suɓuce daga hannuna na hagu. Na buɗe baki zan yi magana, harshe ya yi nauyi. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, bakinka ya karkace." Ba ta tsaya neman shawarar kowa ba, ta ƙwala wa maƙwabci kira aka sa ni a mota sai asibiti. Can aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta, ga kuma ciwon suga da ya daɗe a jikina. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe alamomi uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafar gefe ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe. In an ga ko da ɗaya, a tafi asibiti a lokacin, kada a ba shi ruwa ko abinci ko jiƙo, domin haɗiya kan samu matsala ya shaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci da na taɓa gani. Mutumin da ya ciyar da gida shekara da shekaru, ga shi sai an riƙe masa buta zai yi alwala, sallah a zaune, maɓallin riga sai ƙaramin ɗansa ya sa masa. Shago ya zauna a kulle, jari yana narkewa a magani. Da dare nakan juya fuska bango in yi hawaye don kada iyali su gani. Ba ciwon ne ya fi cin raina ba, jin cewa na zama kaya a wuyan mutane ne. Masu zuwa dubiya suna nufin alheri, amma kowace "sannu" tana tuna mini halin da nake ciki, har na fara cewa a ce musu ina barci.

Likitar gashin ƙashi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ita ta faɗa mini gaskiya. Ta ce, "Baba, magani zai riƙe jinin, zai riƙe sugan, amma ƙafar nan sai an taka ta." Ta tsara mini: minti biyar a tsakar gida da sanda, safe da yamma, wani yana kusa. In mako ya cika ba jiri ba faɗuwa, a ƙara minti biyu ko uku. Daga tsakar gida zuwa ƙofar gida, daga nan zuwa masallacin layi. Ranar da na shiga sahu a tsaye na yi sujada da goshina a ƙasa, ban iya tashi da wuri ba saboda kuka.

Daga masallaci kuma sai abin ya tsaya. Tafiya ni kaɗai a unguwa ta gagare ni: ƙafa tana ja, yara suna kallo, kowane shago sai an tsayar da ni a yi jaje, ga tsoron in faɗi babu kowa. Ƙanena ne ya ɗauke ni wata Asabar ya kai ni Dandalin Murtala, inda jama'a ke motsa jiki da safe. Muka tarar da wasu dattawa, galibinsu 'yan fansho, suna shirin fita tattaki. Suka ce in biyo su. Ba a yi nisa ba suka yi mini fintinkau, amma mutum ɗaya, wani tsohon malamin makaranta daga Barnawa, ya rage sauri ya jera da ni. Bai ce mini sannu ba, bai tambaye ni ciwo ba, hirar tsohuwar Kaduna kawai ya yi ta ja na da ita har muka dawo. Daga baya na fahimci aikinsa ke nan a rukunin, shi ne mai bin baya. A ranar na yanke cewa in Allah ya ba ni ƙafa, wannan aikin zan yi. Na yi shi tsawon lokaci kafin a ba ni jagoranci, kuma duk abin da na sani game da tattakin jama'a daga baya na koye shi, inda ake ganin wanda ke haki da wanda takalmi ke ci.

Tattakin rukuni ana auna shi ne da mafi rauni a cikinsa. Jagoran da ya tsara hanya da ƙarfin ƙafarsa zai ga mutum talatin a makon farko, goma a na uku, kuma waɗanda suka daina zuwa su ne waɗanda suka fi buƙatar tafiyar. Saboda haka kafin a sanar da kowace hanya, jagora ya bi ta da ƙafarsa, a irin ranar da irin lokacin da za a fita. Titin da yake shiru ranar Laraba da yamma yana iya zama tashar Keke Napep ranar Asabar da safe. Ya kunna manhajar auna nisa a waya, ya rubuta kilomita nawa ne, ina inuwa take, ina masallaci ko gidan mai da za a iya kama ruwa, ina kwalbati ya buɗe baki, ina mota za ta iya shigowa ta ɗauki wanda ya gaza, wane asibiti ne mafi kusa. Hanya mai zagayowa inda aka faro ta fi mai miƙewa, domin mutane sun bar ababen hawansu a can, kuma yana da kyau a samu hanyar yanke a tsakiya inda mai gajiya zai gajarce.

Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Rukunin da ke da dattawa da masu murmurewa kada a lissafa masa fiye da kilomita 3 a awa, a ƙara minti goma na kowane zango. Sabbin shiga kilomita 2 zuwa 3 sun ishe su, waɗanda suka saba su yi 5 ko 6. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: mutum ya iya hira yana tafiya, numfashi ya ɗan ƙaru amma maganar ba ta yankewa. In ba ya iya haɗa jimla sai ya tsaya shan iska, saurin ya yi masa yawa. Minti biyar na farko da na ƙarshe a yi su a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na irin wannan motsi, wato rabin awa sau biyar. Ke nan fitar Asabar kaɗai ba ta wadatar. Amfaninta shi ne tana riƙe mutum, ya ji kunyar zuwa bai taka ko'ina ba duk mako.

Kowace fita tana da mutum uku da ba a tashi sai da su. Jagora a gaba, ba wanda ke wuce shi. Mai bin baya a ƙarshe, ba wanda ake bari a bayansa, ko da mutum ya tsaya ɗaure igiyar takalmi ne. Na uku mai jakar taimakon gaggawa, yana tsakiya. In an haura mutum ashirin, a ƙara mataimaki ɗaya ga kowane goma. Na gaba da na baya su sa riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, kowa da usur da lambar wayar ɗan uwansa. Ana ƙirga mutane a wurin tashi, a kowane zango, da wurin sauka, kuma wanda zai koma gida daga tsakiyar hanya dole ya gaya wa mai bin baya. A kowace kwana, wanda ke bin jagora ya tsaya a wurin yana nuna hanya har sai mai bin baya ya iso. Rashin wannan ne ke sa rabin rukuni ya miƙe alhali sauran sun karya.

Akwai wani zalunci da ake yi wa na baya ba da niyya ba, kuma na daɗe ina ɗanɗanarsa. Na gaba su isa inuwa su tsaya jira, su sha ruwa, su huta. Da na ƙarshe ya iso yana haki, sai a ce to mu tafi. Masu ƙarfi sun huta minti goma, mai rauni bai huta ko ɗaya ba, tazarar kuma sai ƙaruwa take. Dokar da muke bi ita ce hutu yana farawa ne daga lokacin da mutum na ƙarshe ya iso, minti biyar cur, agogo a hannun mai bin baya. In masu sauri sun ƙosa, a raba rukuni biyu tun daga farko, kowanne da jagoransa da mai bin bayansa, a haɗu a wurin sauka.

Titi shi ne babban haɗari a Kaduna, ya fi ciwo. Motoci a Najeriya dama suke bi, don haka inda babu hanyar masu ƙafa, ƙaramin rukuni ya bi gefen hagu yana fuskantar motar da ke tahowa, ɗaya bayan ɗaya, in wuri ya yi faɗi bibbiyu. Duk da haka a riƙa waiwaye, saboda 'yan Keke da masu babur da ke bin hannun da ba nasu ba. Manyan titunan da aka gyara a 'yan shekarun nan sun samu dakalin masu tafiya, sai dai a wurare da yawa masu talla da motocin da aka ajiye sun cinye shi, dole a sauko kwalta. Tsallaka titi kuwa ba a yin sa a jere ɗaya bayan ɗaya. A taru a baki, mutum takwas zuwa goma su tsallaka lokaci ɗaya, masu riga mai ƙyalli a gefe biyu, sauran su jira. Shataletale ba a ratsa shi, a matsa gaba kaɗan inda titin ya miƙe. Ba a sa abin sauraro a kunne. Sannan Kaduna gari ne na barikoki da gine-ginen gwamnati, ina gargaɗin kowa tun kafin a tashi cewa ba a ɗaga waya a ɗauki hoto kusa da ƙofar soja ko ta 'yan sanda ko Gidan Sir Kashim, fadar gwamnatin jiha.

Lokacin fita yana bin yanayi. Asabar muka zaɓa domin ba ta taɓa Juma'ar Musulmi ba, ba ta taɓa Lahadin Kirista ba. A hunturu, Disamba da Janairu, rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura kwata, ga hazo da ke hana direba gani, saboda haka bakwai ta yi. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa da takunkumi, ranar da ƙura ta yi kauri ya zauna a gida. Kowa ya shafa man kaɗanya ko basilin a diddige, don faso a hunturu yake tsagewa. A bazara, Maris da Afrilu, a tashi da zarar gari ya waye, a gama kafin takwas da rabi. A damina, musamman Agusta da Satumba, a guji hanyoyin bakin kogi da gangaren kwata, ƙasa tana da santsi, kogin kuma yana cika ya yi ambaliya. In hadari ya haɗo da tsawa a fasa, ba a fakewa gindin bishiya. Da azumi muna rage nisa mu koma bayan tarawihi a wuri mai fitila.

Ruwa: ledar fiya wata rabin lita ce. A sha ɗaya kafin a fito, a riƙe ɗaya ga kowace awa, a bazara biyu. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade masa ruwa ya bi maganar likitansa. Mu kan ɗauki buhu guda na zuba ledojin da aka sha, domin rukunin da ya bar shara a layin mutane ba za a yi maraba da shi karo na biyu ba.

Takalmi ya fi komai kawo ƙorafi. Silifas da takalmin fata mai santsi da sabon kambas da ba a taɓa sawa ba, su ne ke haifar da bororo. A sayi kambas da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, a sa shi a gida kwana biyu uku kafin a fita da shi. Na gwanjo mai kyau ya wadatar in ƙasansa bai cinye gefe ɗaya ba. Safa dole ce. Da mutum ya ji wuri yana zafi, ya tsaya a manna filasta kafin ya zama bororo. Ga masu suga irina maganar ta fi haka nauyi, domin ciwon yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, tsakuwa ta shiga takalmi ta yanke ka ba ka sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Kafin sa takalmi a zura hannu a laluba cikinsa. Bayan an dawo a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a duba tafin da madubi ko a sa wani ya duba. Mai rauni a ƙafa ba ya fita tattaki sai ya warke.

Sabon shiga muna zaunar da shi minti biyar mu auna jininsa, mu tambaye shi ciwon da yake da shi da maganin da yake sha, mu rubuta lambar wani nasa. Daga 140 bisa 90 ake kiran hawan jini, irin wannan muna tafiya da shi a hankali mu ce ya ga likita. Wanda ya kai 180 bisa 110 ba ya taka ko'ina a ranar, asibiti za a raka shi. Wasu suna jin haushi, amma ban taɓa sassauta wannan ba. Wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki sai da amincewar likitansa.

Abin da ya fi faruwa a hanya shi ne faɗuwar suga, musamman ga mai allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide da ya sha magani ya fito bai karya ba. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa, jiri, wani lokaci mutum mai haƙuri ya kama faɗa ba dalili. In akwai na'urar auna suga aka ga ƙasa da 70, ko babu na'urar amma alamun sun bayyana, a zaunar da shi a ba shi sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai sukari. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, in ya dawo a ba shi burodi ko biskit. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a nufi asibiti. Wanda zafi ya buga kuma a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa kai da wuya, ya riƙa kurɓar ruwa. Ciwon ƙirji mai danna mutum, ko mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ba gajiya ba ce, ba a cewa ya huta ya gani. Don irin wannan muke ajiye lambar mai Keke ko mai mota ɗaya da ya san hanyarmu ta ranar. Jakar gaggawa tana ɗauke da na'urar auna jini da ta suga, sukari, lemon kwalba, dabino, filasta, bandeji, auduga, almakashi, safar hannu da gishirin ORS. Ba mu raba wa kowa ƙwayar magani.

Mata sun fi maza riƙe tattaki in an gyara musu yanayi. Hijabi ba ya hana tafiya, a zaɓi mara nauyi wanda bai kai ƙasa ba don kada a taka shi, da dogon wando a ciki. Muna da mace mai kula da ɓangarensu, kuma da yawa sai da mazajensu suka zo suka ga tsarin sannan suka bari. Mai ɗakina yanzu ita ce ke riƙe jakar gaggawa. Kuɗi kuwa karo-karo ne kaɗan na ruwa da batirin na'ura, a hannun ma'aji, ana karanta lissafi a gaban kowa. Wanda ba shi da shi ba a hana shi tafiya.

Sau ɗaya a shekara muna yin babban tattaki da ake gayyatar iyalai da maƙwabta, a Asabar mafi kusa da 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, lokacin ruwa ya ɗauke, sanyi bai tsananta ba. Wannan wani aiki ne daban. Taron mutum ɗari da riguna iri ɗaya a titin Kaduna, in ba a san da shi ba, za a ɗauke shi zanga-zanga ko gangamin siyasa. Mako biyu kafin ranar a kai takarda ofishin DPO na yankin, da hukumar kiyaye haɗurra da 'yan KASTLEA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar, a rubuta hanya da lokacin tashi da na sauka da adadin da ake sa rai. A gaida mai unguwar duk inda za a ratsa. Ba hular jam'iyya, ba hoton ɗan takara, ko da shi ya sayi ruwan. Irin wannan taro yana bin hannun motoci ne a layi ɗaya, motar jami'ai a gaba, wata a baya tana kwasar waɗanda suka gaji. Nisa kada ya wuce kilomita 5, teburin ruwa a tsakiya, ma'aikatan jinya a wurin sauka suna auna jini da suga kyauta. A kowace shekara sai an samu waɗanda a wannan teburin suka fara jin cewa jininsu ya hau.

Abin da ke dawo da mutane mako bayan mako ba lissafin lafiya kaɗai ba ne, hanya ce mai abin gani da jagora mai abin faɗa. Kaduna tana da shi. Daga Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, a bi ta gaban Lugard Hall inda majalisar dokokin jiha ke zama, a tuna cewa a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. A wuce gidan tarihi na titin Ali Akilu, a ga Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, a ƙare a Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan Sardauna Sir Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Wata ranar a nufi wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi, a ga 'yar gadar ƙarfen da aka gina a Zungeru a 1904 kafin a kwaso ta zuwa nan. Bayani a kowane wuri kada ya wuce minti uku, a tsaya a inuwa nesa da ƙarar motoci, kuma a jira na baya ya iso kafin a fara. In za a shiga ciki a nemi izini tun kafin ranar. Matasa suna matsa mini mu fita wajen gari, dutsen Kufena a Zariya ko duwatsun Kagoro. Ina son hakan, amma ba na kai mutane daji sai da ɗan gari mai jagora da sanin hakimi da labarin tsaro na wannan makon, a je da rana a dawo da rana. In ɗaya ya rasa, muna nan cikin gari.

Hanyar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta haye gada. Mukan tashi daga wajen filin wasa na Ahmadu Bello mu tsallaka kogi zuwa Barnawa, wani watan kuma 'yan can su hayo su same mu. Akwai matasa a rukuninmu da aka haifa bayan 2000 waɗanda ba su taɓa taka ɗaya ɓangaren da ƙafa ba sai a wannan tafiya. A irin wannan fita na yi kiciɓis da wani tsohon abokin aikina na masaƙa a gaban shagonsa, muka rungume juna a bakin titi, rukuni duka ya tsaya yana jiranmu. Yanzu shi ne mai bin bayanmu in mun haye kudu.

Ban warke sarai ba. Ƙafar hagu tana ja in na gaji, hannun bai dawo da ƙarfinsa na da ba, kuma ina shan maganin jini da na suga kullum, ina zuwa asibiti a ranar da aka ba ni. Tattaki bai maye gurbin magani ba, duk wanda ya zo mana da niyyar ajiye ƙwayoyinsa ina gaya masa haka a ranar farko. An rage gishiri da dunƙule a miyar gidanmu, lemon kwalba sai na jakar gaggawa. Na sake buɗe shagon, babban ɗana yana kama mini, kuma duk awa ɗaya ina tashi in zaga layin kasuwa in dawo. Wanda ke kwance yanzu kamar yadda na kwanta, ko yake da irinsa a gida, ya nemi izinin likita, ya fara da minti biyar a tsakar gida da wani a kusa. In ya kai rabin awa ba jiri, ya nemi rukuni a kusa da shi, kuma kafin ya bi su ya tambaya wane ne mai bin baya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.